Peugeot: Daga Haƙoran Zarto Zuwa Masana'antar Kakuri

A tsakiyar shekarun 1970, manyan jiragen dakon kaya na kamfanin UTA suna ta zirga-zirga tsakanin birnin Lyon na Faransa da filin jirgin sama na Kano, cikinsu maƙare da akwatuna. Abin da ke cikin akwatunan sassan mota ne: injina, ƙofofi, gilasai, giya, har da noti da kusoshi. Daga Kano sai a loda su a manyan motoci a nufi Kaduna, inda ma'aikata ke jira a unguwar Kakuri su harhaɗa su su zama mota. Dalilin bin sama kuwa shi ne tashar jiragen ruwa ta Legas ta toshe. A 1975 jiragen da suka kwaso siminti sun yi cincirindo a bakin teku, wasu suna shafe watanni ba su sauke kaya ba, alhali masana'antar mota ba ta iya jiran mako guda ba tare da kayan aiki ba. Kuɗin man fetur na shigowa a lokacin, don haka aka biya kuɗin jirgi aka ci gaba da aiki.

Duk wanda ya girma a Arewa a wancan zamani ya san abin da ya fito daga waɗannan akwatuna. Fijo, wato Peugeot, ce motar gwamna da kwamishina, ita ce ta alƙali da shugaban makaranta, ita ce motar 'yan sanda da ta asibiti. A tasha kuwa, doguwar 504 mai layin kujeru uku ita ce sarauniyar hanyar Kano zuwa Maiduguri da ta Sakkwato zuwa Kaduna, ga kuma a-kori-kura mai kwasar buhuna daga kasuwannin ƙauye. An saba da ita har wasu yara suka tashi suna zaton motar 'yar gida ce. Amma kamfanin da ya ƙera ta ya haura shekara ɗari biyu a duniya, kuma a tarihinsa akwai bayanin abin da ya sa ya rayu har yau, da abin da ya sa masana'antar Kaduna ta kasa tsayawa da ƙafafunta.

Maƙeran Montbéliard

Zuriyar Peugeot mutanen yankin Montbéliard ne, a gabashin Faransa, dab da iyakar Suwizalan. Ƙasa ce mai tuddai da ƙoramu da sanyi mai tsanani, wadda mutanenta suka daɗe da sana'ar agogo da ƙananan ayyukan ƙarfe. A 1810, wasu 'yan'uwa biyu, Jean-Pierre da Jean-Frédéric Peugeot, suka mayar da injin niƙan hatsi na gidansu wurin sarrafa ƙarfe. Abin da suka ƙware a kai shi ne murza ƙarfe ya yi falle-falle, ya yi ƙarfi amma ya riƙa lanƙwasa ba ya karyewa. Da irin wannan ƙarfe suka yi zarto, suka yi sifirin na agogo, suka yi ƙarafan laima, har da wayoyin da matan Turai na lokacin ke sawa cikin siket domin ya buɗe. A 1840 suka fara ƙera abin niƙa gahawa, daga baya suka ƙara da na niƙa masoro, wanda har gobe ana sayar da shi da sunan Peugeot.

Zakin da ke goshin motar ma daga zarto ya samo asali. An fara buga shi a jikin zartunan kamfanin domin mai saye, ko da bai iya karatu ba, ya gane mai kyau: haƙora masu kaifi, jiki mai lanƙwasa, yanka mai sauri. An yi wa tambarin rajista a 1858, fiye da shekara talatin kafin kamfanin ya yi motarsa ta farko.

Wannan shekara tamanin ta farko ita ce ake yawan tsallakewa idan ana ba da labarin Peugeot, kuma a ganina ita ce mafi muhimmanci. Kafin a yi maganar mota, yankin ya riga ya tara maƙera da masu gyaran inji da masu auna ƙarfe, kakanni sun koya wa 'ya'ya, 'ya'ya sun koya wa jikoki. Lokacin da mota ta zo, ta tarar da hannuwan da za su karɓe ta.

Wanda ya kawo ta shi ne Armand Peugeot. Ya zauna a Ingila yana saurayi, ya ga yadda keke ke karɓuwa, ya dawo ya matsa wa dangi har suka fara ƙera kekuna a 1882. A 1889 ya kai wata mota mai ƙafa uku, mai aiki da tururi, babban baje kolin birnin Faris. Huɗu kacal aka yi irinta, domin Armand ya gane da wuri cewa tukunyar tururi ta yi wa ƙaramar mota nauyi. Shekara guda bayan haka ya koma ga injin fetur na Bajamushe Gottlieb Daimler. A 1891 ɗaya daga cikin motocinsa ta bi 'yan tseren keke daga Faris zuwa Brest ta dawo, tafiyar da idan aka haɗa da zuwa da komawa masana'anta ta wuce kilomita 2,000. A wancan lokaci ba a taɓa jin motar fetur ta yi irin wannan nisa ba.

Duk da haka dangi ba su gamsu ba. Ɗan'uwan Armand, Eugène, yana ganin mota wasan masu kuɗi ne da zai cinye dukiyar gida. Suka raba gari a 1896, Armand ya kafa nasa kamfanin na motoci. Sai a 1910 aka sake haɗewa, bayan 'ya'yan Eugène da kansu sun shiga harkar. A 1912 aka buɗe masana'antar Sochaux, wadda ta zama cibiyar kamfanin, ta kuma mayar da ƙaramin ƙauye garin ma'aikata. A ƙarshen shekarun 1970 mutum kusan 40,000 ne ke aiki a wurin. Hatta ƙungiyar ƙwallon ƙafar garin, kamfanin ne ya kafa ta a 1928.

A 1929 aka fitar da samfurin 201, wadda ta riƙe kamfanin a shekarun karayar tattalin arzikin duniya, kuma daga kanta aka fara sa wa motocin lamba uku mai sifiri a tsakiya. Kamfanin ya riƙe wannan tsari da muhimmanci, har ya sa Porsche ta sauya sunan wata sabuwar motarta daga 901 zuwa 911.

Yaƙin Duniya na Biyu ya kusa rusa komai. Jamusawa sun mamaye Faransa, suka karɓe Sochaux suka sa ta yi wa sojojinsu aiki. A watan Yulin 1943 jiragen yaƙin Ingila suka zo ragargaza masana'antar, bama-bamai da yawa suka kuskure ta suka faɗa kan gidajen jama'a, mutane fiye da ɗari suka mutu. Bayan wannan ne wani jami'in asirin Ingila, Harry Rée, ya shawo kan mutanen gidan Peugeot cewa gara a lalata injinan daga ciki da a sake zubo wuta daga sama. Ma'aikata da kansu suka dasa nakiyoyi a jikin injinan da suke ci da su. Da yaƙi ya ƙare aka tashi daga kusan babu, aka fitar da 203 a 1948, sannan 403 a 1955, wadda kamfanin zane na Pininfarina na Italiya ya tsara mata siffa.

Motar da ta dace da hanyar Afirka

Sunan da Peugeot ta yi a Afirka, 404 ce ta fara yi mata shi. An fitar da ita a 1960, shekarar da ƙasashe da dama na nahiyar suka sami 'yancin kai, kuma ta lashe gasar tseren Safari ta Gabashin Afirka a 1963 da 1966 da 1967 da 1968, a kan hanyoyin taɓo da duwatsu da suka karya motoci masu tsada. Sai 504 ta biyo baya a 1968, aka zaɓe ta motar shekara ta Turai a 1969, ita ma ta ci Safari a 1975.

Faransawa sun ƙera 504 ne domin magidancin ƙasarsu mai matsakaicin hali, amma abubuwan da suka sa mata sun fi amfani a nan. Tana da tsayi daga ƙasa, cikinta ba ya dukan kunya ko dutse. Shokazobanta suna da dogon zango, suna shanye rami da gargada. Ƙafafun baya ne ke tura ta, saboda haka idan aka danne ta da kaya sai ta ƙara kama ƙasa. Injinta kuma a buɗe yake, mai kafireta, babu abin da ya ɓuya. Bakanike mai sifana da sukundireba zai iya sauke shi a gindin bishiya da safe ya mayar kafin la'asar, kuma direban da ya daɗe da ita yakan gane ciwonta daga ƙararta. An daina ƙera ta a Turai a 1983, amma aka ci gaba a Ajantina da Kenya da Nijeriya har shekaru masu yawa bayan haka. Jimillar da aka yi a duniya ta haura miliyan uku. Daga Dakar zuwa Yamai, daga Agadas zuwa Kamaru, ita ce ta riƙe sufurin tsakanin garuruwa tsawon zamani guda.

Gwamnatin Janar Yakubu Gowon ce ta kawo ta Kaduna. Bayan yaƙin basasa, da kuɗin mai a hannu, aka tsara cewa Nijeriya za ta daina sayen mota ƙerarriya, za ta riƙa harhaɗawa a gida har ta kai ga ƙerawa. Aka yi rajistar kamfanin Peugeot Automobile Nigeria, wato PAN, a watan Disamban 1972, aka fara aiki a 1975. Volkswagen ta zauna a Legas. Manyan motoci kuma aka rarraba su: Leyland a Ibadan, Mercedes a Inugu, Steyr a Bauci, Fiat a Kano. A cikinsu duka babu wadda ta shiga rayuwar mutane kamar ta Kaduna.

Abubuwa da dama ne suka haɗu suka ɗaga ta. Ƙarin albashin Udoji ya sa kuɗi a aljihun ma'aikata. Akwai bashin mota, wanda ke sa malamin makaranta ko akawu ya mallaki sabuwa fil yana biya a hankali. Naira tana da ƙarfi, a 1980 ma ta fi dalar Amurka daraja, don haka sassan da ake shigowa da su ba su da tsada. Bayan kisan Janar Murtala Muhammad a 1976, gwamnatin soja ta Obasanjo ta ɗauki manufar rage ƙawa, ta mayar da 504 motar manyan jami'ai. Gwamnati ta zama babbar mai saye, kuma harajin kwastan ya tsare kasuwa daga motocin waje. Masana'antar ta riƙa fitar da dubun-dubatar motoci a shekara, dubban mutane suna cin abinci a cikinta. Kakuri ta lokacin, ga masaƙu ga PAN, idan aka tashi daga aiki sai hanya ta cika da kekuna da babura.

Sai dai akwai abin da bai canza ba tun ranar farko. Zuciyar motar daga Faransa take zuwa. An sami wasu kayan da ake yi a gida, irin su taya da batir da fenti da kujeru, amma inji da giya da faranten ƙarfen da ake buga jikin mota da su, duk sai an biya kuɗin waje. Kamfanin ƙarfe na Ajakuta, wanda aka kafa a ƙarshen shekarun 1970 domin ya ciyar da irin waɗannan masana'antu, bai taɓa kaiwa ga fitar da ƙarfen da aka yi alkawari ba. An dasa bishiyar ne a tukunya, ana yi mata ban ruwa da kuɗin mai. Da farashin mai ya faɗi a farkon shekarun 1980, lasisin shigo da kaya ya yi wuya. A 1986 gwamnatin Babangida ta kawo shirin gyaran tattalin arziki, darajar naira ta zube, kowane noti da ke cikin akwatin nan ya ninka kuɗi. Ma'aikacin da jiya yake sayen sabuwar mota da bashi, yau albashinsa na shekaru ba zai saye ta ba. Sai kasuwa ta koma ga gwanjon Turai, waɗanda ake kira motocin Beljiyam, da ke sauka a Kwatano su shigo ta kan iyaka, mafi yawansu na Japan da Jamus.

Ba za a ɗora wa gwamnati laifin duka ba. Shi ma kamfanin ya yi sake. Ya daɗe yana dogaro da tsofaffin samfura da kuma cinikin gwamnati, a daidai lokacin da Toyota da Honda ke shigowa da motoci marasa shan mai, masu sanyaya ciki, waɗanda ba sa yawan kai mutum gareji. Sababbin Fijo da suka zo daga baya kuma sun zo da wayoyi da na'urori da kanikawanmu ba su saba da su ba, sai aka fara yi musu kallon motoci masu laulayi. Amanar da 504 ta gina cikin shekara ashirin, ba a sami magajiyar da ta riƙe ta ba, in ban da 406 da ta ɗan taɓa.

Can gida ma ba a kwana lafiya ba

Yayin da Kaduna ke cikin ganiyarta, uwar kamfanin tana faɗaɗa a Turai. Tsakanin 1974 da 1976 ta karɓi Citroën, wadda bashi ya durƙusar, aka kafa rukunin PSA. A 1978 ta sayi reshen Turai na kamfanin Chrysler na Amurka, da tsofaffin masana'antunsa a Faransa da Ingila da Sifen. Wannan loma ta fi ƙarfin bakinta. Farashin mai ya sake tashi a 1979, ciniki ya faɗi, kamfanin ya yi shekaru yana tafka asara har aka fara maganar rushewarsa. Ƙaramar mota guda ce ta cece shi, wato 205 da ta fito a 1983, aka sayar da fiye da miliyan biyar. Ita ce ta ci gasar tseren duniya ta kan hanya a 1985 da 1986. Daga 1987 zuwa 1990 kuma Peugeot ta lashe tseren Faris zuwa Dakar sau huɗu a jere, tseren da a wancan zamani yake ratsa hamadar Tenere da Agadas a Nijar.

A wajen Turai sakamakon ya sha bamban. Amurka ta gagare ta, ta tattara ta fita a 1991. A ƙasar Sin ta shiga da wuri, tun 1985 a birnin Guangzhou, amma ta kai tsofaffin samfura irin 504 da 505, haɗin gwiwar ya mutu a 1997. Wanda aka ƙulla da kamfanin Dongfeng a birnin Wuhan shi ya daɗe. Iran kuwa ta zame mata kasuwa ta biyu bayan Faransa, inda kamfanin Iran Khodro ya riƙa harhaɗa 405 da 206 da yawan gaske. Takunkumin ƙasashen Yamma ya sa ta janye daga can a 2012, ta koma a 2016, ta sake ficewa a 2018 da Amurka ta dawo da takunkumin.

Shekarar 2012 ita ce mafi muni. Kasuwar kudancin Turai ta rushe, Iran ta tafi, rukunin ya yi asarar kusan yuro biliyan biyar a shekara guda. Aka sanar da rufe masana'antar Aulnay da ke kusa da Faris, aka ce za a rage ma'aikata 8,000. A 2014 aka yi abin da zuriyar Peugeot ta shekara ɗari biyu tana gudu: gwamnatin Faransa da kamfanin Dongfeng suka zuba kuɗi, kowannensu ya karɓi kimanin kashi 14 cikin ɗari, hannun jarin dangin ya sauko daidai da nasu. Gidan ya rasa ikon da ya gada tun 1810.

Abin lura a nan shi ne yadda Faransa, ƙasar da ke cikin masu yi wa Afirka wa'azin a bar kasuwa ta yi halinta, ba ta tsaya kallo ba da gobara ta kama nata gidan. Ta sa kuɗin jama'a ta tare. Ba ina cewa ta yi kuskure ba ne. Ta san cewa a bayan kowane ma'aikacin Sochaux akwai wasu da dama a ƙananan kamfanonin da ke yin kujera da fitila da birki, kuma idan wannan sarƙa ta tsinke ba a ɗaura ta da sauƙi.

Sabon shugaban da aka kawo, Carlos Tavares, ɗan asalin Fotugal, ya rage yawan samfura, ya matse kashe kuɗi, ya mayar da kamfanin ga riba cikin ɗan lokaci. A 2017 ya sayi Opel da Vauxhall daga hannun General Motors. A watan Janairun 2021 PSA ta haɗe da Fiat Chrysler aka sami Stellantis, rukuni mai tambura goma sha huɗu, ciki har da Jeep da Fiat da Citroën da Opel, mai rajista a ƙasar Holan. Peugeot yanzu ɗaya ce daga cikin 'ya'yan gida. Ƙashin motarta da injinta sau da yawa iri ɗaya ne da na Opel ko Citroën, siffa da tambari ne suka bambanta. Ana ƙera ta a Sochaux da Mulhouse a Faransa, a Vigo da Zaragoza a Sifen, a Ajantina da Barazil, a Sin da Maleshiya. A 2022 ƙaramar 208 ta zama motar da aka fi saye a duk Turai, ta sauke Golf daga matsayin da ta daɗe a kai. Shi kansa Tavares bai ƙare lafiya ba, ya ajiye aiki a watan Disamban 2024 bayan ciniki ya lalace a Amurka, aka naɗa Antonio Filosa a 2025. Babban abin da ke gaban rukunin yanzu shi ne komawa ga motocin lantarki, fagen da kamfanonin Sin suka riga kowa nisa da araha.

Kenitra da Kaduna

Idan ana son a ga abin da Kaduna ta rasa, sai a dubi Maroko. A 2019 PSA ta buɗe masana'anta a Kenitra, arewa da Rabat, inda ake yin 208 har da injinta. Kafin nan Renault ta buɗe tata a Tanja a 2012. Maroko ba ta da man fetur, kuma jama'arta ba su kai kashi ɗaya cikin biyar na Nijeriya ba. Abin da ta yi shi ne ta gina babbar tashar jiragen ruwa ta Tanja, ta ja layin dogo har ƙofar masana'antu, ta buɗe makarantun koyon aikin, ta jawo kamfanonin da ke yin wayoyi da kujeru da gilasai suka zauna kusa, sannan ta riƙe manufa guda ba ta sauyawa duk lokacin da aka sauya minista. Motocin kuma ba don kasuwar gida kawai ake yin su ba, mafi yawansu Turai ake kaiwa. Gaskiya ne kusancinta da Sifen ya taimake ta, wannan kuwa Kaduna ba ta da shi. Amma Kaduna tana da abin da Kenitra ba ta da shi, wato kasuwar mutum fiye da miliyan ɗari biyu a bayanta, da maƙwabta da suka riga suka san tambarin. Kuma ta riga Kenitra farawa da shekara arba'in da huɗu.

Abin da ya biyo baya a Kakuri labari ne na sauya hannu. A 2003 gwamnatin tarayya ta mayar da alawus na manyan ma'aikata kuɗi a hannu, ta rage sayen motocin ofis, babban mai saye ya janye. A tsakiyar shekarun 2000 aka daina 504. A 2006 aka sayar da mafi yawan hannun jarin PAN ga 'yan kasuwa na gida. Bashi ya taru, hukumar karɓar basussuka ta AMCON ta karɓe kamfanin a 2012. A daidai wannan tsakani Michelin da Dunlop suka daina yin taya a Nijeriya, masaƙun Kakuri kuma suka rufe ɗaya bayan ɗaya. Manufar motoci ta 2013 ta ɗaga harajin shigo da mota, aka ɗan farfaɗo da harhaɗa samfurin 301, amma ba a kawo tsarin bashin da zai sa talaka ya iya sayen sabuwa ba, kuma daga baya aka sassauta harajin. A 2020 wasu masu zuba jari suka sayi PAN daga AMCON, ta koma harhaɗa motocin wasu kamfanonin ƙasar Sin. Tambarin zaki kuwa ya koma sabon gida: a 2022 kamfanin Dangote Peugeot, haɗin gwiwar Dangote da Stellantis da gwamnatocin Kaduna da Kano, ya fara harhaɗa 301 a sabuwar masana'anta a kan hanyar Kaduna zuwa Abuja.

Ina yi wa wannan sabon yunƙuri fatan alheri da zuciya ɗaya, domin duk aikin yi da ya dawo Kaduna abin murna ne. Amma har yanzu a akwati sassan ke zuwa, kuma har yanzu da dala ake biya. Naira ta sake faɗuwa warwas tun 2023, sabuwar mota ta zama ta gwamnati da bankuna da manyan kamfanoni. Idan ba a taɓa wannan tushe ba, abin da ya faru a 1986 yana nan yana jira.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne hannuwan suna nan. Wanda ya shiga Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano zai ga masu narka alminiyam suna zuba shi a ƙira, masu walda, masu gyaran lagireto, masu naɗa waya, masu yanka ƙarfe su fitar da abin da ya ɓace a kasuwa. Su ne suka riƙe 504 a kan hanya shekaru bayan Faransa ta manta da ita. A Nnewi ta jihar Anambara, 'yan kasuwar kayan gyara sun tashi daga saye da sayarwa suka koma ƙerawa, har aka sami kamfanin motoci na Innoson a garin. Waɗannan mutane sun fi kama da maƙeran Montbéliard na 1810 fiye da kowane zauren harhaɗa mota da aka yanka wa ƙyalle. Abin da suka rasa shi ne wutar lantarki mai tsayawa, da ƙarfe mai inganci, da injinan awo, da kuma babban mai saye da zai ce musu ga irin abin da nake so, ga ma'auninsa, in kun yi zan saya duk wata.

Gwamnatocin Kaduna da Kano suna da hannun jari a sabuwar masana'antar, saboda haka suna da bakin magana a teburin da ake yanke shawara. Majalisun jihohin biyu suna da hurumin su nemi a kawo musu lissafi duk shekara: cikin sassan da ke jikin kowace mota, guda nawa aka yi a Nijeriya, wane kamfani ne ya yi su, kuma matasa nawa aka horar suka iya aikin da a bara sai an ɗauko wani daga waje.